Motar Ƙwai da Ƙafar Baba

Tun da Baba ya tashi daga ciwon da ya taɓa masa ɓarin dama, Inna ta ce ba zai sake fita da mota shi kaɗai ba. Ni aka ɗora wa zaman kujerar gaba, don ni ce ba ni da wurin zuwa da safe, kuma ni ce ba na damun mutum da surutu. Baba ya raɗa mini suna Kwandasta.

Aikinmu ɗauko ƙwai daga gonar kaji da ke bayan gari, mu rarraba wa masu shaguna. Aikin da Baba yake yi ke nan tun kafin in yi wayo, da wata tsohuwar farar mota mai dogon baya. Mukan kwantar da kujerun baya mu jera kiret bisa kiret, mu cusa tsummoki a tsakani. Masu shaguna sun san shi da cewa ƙwansa ba ya fashewa a hanya. Yakan ce duk direban da ya iya ɗaukar ƙwai, to ya iya ɗaukar mai naƙuda.

Ciwon ya tafi ya bar masa ɗan jan ƙafa. In yana tafiya a tsakar gida, takalminsa na dama yana share ƙasa kaɗan. Amma da ya zauna a bayan sitiyari sai ya koma Baban da na sani. Yakan murɗa makulli rabi, ya tsaya, ya karkata kai kamar mai sauraron sallama daga waje, sannan ya gyaɗa kai ya tayar. Tun muna yara ya gaya mana dalili. Akwai famfon mai a cikin tanki, da an murɗa makulli yakan yi ɗan gurnani yana turo mai gaba. Ya ce gaisuwar mota ce, ba a tayar da ita sai ta gama gaisuwa.

Abin ya fara ne a kan gada. Tsakanin gona da gari akwai wata gada mai doguwar hawa, wadda ta haye layin dogo. In mun ɗauko kaya, rana ta ɗaga, mota ta yi zafi, da mun kai tsakiyar hawan sai ta fara fizga. Ta yi gaba, ta ja baya, ta yi tari kamar an shaƙe ta. A bayanmu sai in ji kiret suna bugun juna, ƙas, ƙas. Wata rana ta mutu ɗungum a tsakiyar hawan, na baya suna ta danna mana ham, wani mai tifa ya leƙo ya ce tsoho ya koma gida ya yi renon jikoki. Baba ya jira ta huce, ta tashi, muka ƙarasa. A shagon farko na ɗaga kiret ɗin sama na ga gwaiduwa tana bin na ƙasa.

Mai gonar, wadda ma'aikatanta suke kira Uwar Kaji a bayan idonta, ba ta yi wa Baba magana ba. Kunyarsa take ji. Sai ta kira Yaya, babban wana, ta ce masa masu shaguna suna ƙorafi, kuma ita ba ta son ta ji wani abu ya sami dattijo a kan hanyar kayanta. In Yayan zai karɓi tuƙin, hanya tana nan tasu. In ba haka ba za ta nemi wani.

Yaya ya zo gida da yamma ya zauna a bakin tabarma, ya daɗe yana zagaye-zagaye kafin ya faɗa. Ya ce ƙafar ce. Ya ce in Baba ya taka totur ƙafar tana rawa, shi ya sa mota take fizga. Baba ya ce motar ce, shi ya fi shekarun Yaya yana taka totur. Inna tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ɗago ba.

Don a raba gardama Yaya ya karɓi makulli ya zagaya unguwa da motar. Babu kaya a ciki, hanya shimfiɗe, inji da sanyinsa. Ta tafi sumul, ko tari ɗaya ba ta yi ba. Ya dawo ya ajiye ta, ya shigo yana kaɗa makulli a yatsa. Daga nan ya juyo gare ni.

"Auta, ke kike zama kusa da shi. Ƙafar ce ko motar?"

Duk suka zuba mini ido. Na ce ban sani ba, ni dai ƙwai nake kallo.

Aka tsaya a kan cewa za a kai ta wurin bakanike. In ya ce lafiyarta lau, Baba zai ba da makulli. Baba ya yarda da haka da bakinsa, a gaban Inna.

Bakaniken tsohon abokin Baba ne, kowa Baƙin-Mai yake ce masa, don an ce ko ranar aurensa da baƙin mai a ƙarƙashin farcensa. Garejinsa rumfar kwano ce a bayan layin masu walda, ƙasa ta yi baƙi ta yi santsi, ga gawarwakin injuna jingine da bango an lulluɓe su da buhu. Da ya hango mu ya fito yana goge hannu, ya ce ashe har yanzu ba a kai wannan tsohuwa gidan tarihi ba. Baba ya ce ai tare za a kai su, ita da mai gyaranta. Suka yi dariya, amma dariyar Baba ba ta kai ido ba.

Yaya ne ya fara bayani, Baƙin-Mai ya ɗaga masa hannu ya ce mai mota zai faɗa. Baba ya faɗa: sai ta yi zafi, sai da kaya, sai a hawa. Ya ce wani a bakin hanya ya canza masa filogi, ba ta canza zani ba. Baƙin-Mai ya tambaya ko da safe tana daɗewa kafin ta kama. Baba ya ce tana ɗan jan rai. Sai ya tambayi yadda famfo yake kuka in an murɗa makulli. Baba ya ce lafiya lau, kullum sai ya saurara.

Baƙin-Mai ya buɗe ƙofar baya, ya sa kunne a kan kujera, ya ce a murɗa rabi. Daga inda nake tsaye ma na ji. Wani siririn kuka ne mai tsawo, kamar sauro a cikin kunne. Na daɗe ina jin sa kowace safiya. Da can gurnani ne mai kauri, gajere. Amma tun da Baba yana karkata kai yana gyaɗawa, na ɗauka haka ya kamata ya zama.

Baƙin-Mai ya ɗago ya dubi Baba. Baba yana zaune a bayan sitiyari, kai a karkace, yana gyaɗawa a hankali. A nan na gane ba ya jin kukan famfon sam. Gyaɗa kan kawai ya rage masa. Baƙin-Mai ma ya gane, na ga haka a fuskarsa, amma sai ya tofar da yawu gefe ya ce masu waldan nan ba sa barin kowa ya ji komai, gara a ɗauko geji, gani ya kori ji.

Gejin kamar agogon bango ne ƙarami, da allura ɗaya da tiyo a gindinsa. Ya buɗe bonet, ya naɗe wani bututu da tsumma kafin ya kwance shi, don kada mai ya fantsamo, ya ɗaura tiyon a inda mai yake shiga inji. Ya nuna mana wani wuri a fuskar gejin da baƙin farcensa, ya ce nan allura ya kamata ta tsaya in mai yana zuwa da ƙarfinsa. Ya ce inji ba ya son a ɗiga masa mai, so yake a feso masa. In turin ya yi rauni, a sulo, mota tana tsaye, ba za a gane ba, a hanya shimfiɗaɗɗiya ma ba za a gane ba. Sai an nemi ƙarfi, sannan ƙishi ya kama shi.

Aka tayar. Allura ta hau da ƙyar, ta tsaya ƙasa da farcensa sosai. Ya ja wayar totur da hannu, inji ya yi ƙara, allura ta faɗi ƙasa tana karkarwa, mota ta yi irin tarin nan na kan gada. Babu ƙafar kowa a kan totur. Baba yana tsaye a gefe da sandarsa.

Baƙin-Mai ya ce wa Yaya, "To ɗana, ga ƙafar da ke rawa. Duba ta da kyau."

Yaya ya sunkuya ya daɗe yana kallon allurar. Na ga Baba ya gyara tsayuwa, ya mayar da sandar bayansa.

Daga nan aka shiga neman inda ƙarfin yake tsiyayewa. Baƙin-Mai ya ce ba a fara zargin babba sai an gama da ƙanana. Ya bi bututun mai tun daga inji har tanki yana shafawa, ko akwai inda yake yoyo ko ya lanƙwashe. Babu. Ya kwanta ƙarƙashi ya ciro filta, wani ɗan gwangwani mai baki biyu da ke tace mai. Ya girgiza shi a kan farin kwali, wani jan ruwa mai tsatsa ya zubo. Ya goge bakin ya busa, kumatunsa suka kumbura, iska ta ƙi wucewa. Ya tambayi Baba yaushe rabonsa da canza shi. Baba ya ce ai bai taɓa yi masa laifi ba. Baƙin-Mai ya ce haka ake cewa game da haƙori har ranar da ya hana barci.

An sa sabon filta, allura ta ɗan ƙara hawa, amma da aka ja totur ta sake faɗuwa. Sai ya matse tiyon da ke mayar da ragowar mai tanki, ya ce in famfo yana da rai yanzu allura za ta yi tsalle. Ba ta motsa ba. Ya saki, ya ce to babban ne.

Ya ɗaga kujerar baya, inda kiret suke zama. Ƙarƙashinta akwai wani murfi da ban taɓa sanin yana nan ba, duk ɓawon ƙwai da gashin kaza sun maƙale a gefensa. Ya sa aka cire kan batir, ya kori wani mai shan sigari da ke zaune a benci, sannan ya kwance murfin ya zaro famfon yana ɗigar da mai. A gindinsa akwai 'yar raga, ta toshe da baƙar laka kamar an tsoma ta a kwata. Ya haska cikin tankin da tocila, ya girgiza kai.

Ya ce laifin Baba ne, amma ba na ƙafa ba. Baba ba ya taɓa cika tanki. Kullum ɗan kaɗan yake sha, iya na zuwa da dawowa, wai kada nauyin mai ya haɗu da nauyin ƙwai a kan tayoyin baya. Baƙin-Mai ya ce famfon nan a cikin mai yake kwana, man ne yake sanyaya shi. In tanki kullum kamar rijiyar rani, famfo zai yi ta zafi yana zuƙar laka daga gindi har ya gaji. Baba ya ce shekara da shekaru haka yake yi. Baƙin-Mai ya ce shi ya sa, ai ruwa ba ya tsami banza.

Wuni muka yi a wurin. Aka sauke tanki aka wanke, aka sa sabon famfo. Da aka murɗa makulli na ji gurnanin nan mai kauri na da. Allura ta hau tsaf ta tsaya a kan farcen Baƙin-Mai, aka ja totur ba ta ko girgiza ba. Shi da kansa ya tuƙa mu ya haye gadar ya dawo, sannan ya kai mu har ƙofar gida. Da zai sauka ya miƙa wa Baba makulli da hannu biyu, a gaban Yaya.

Yaya ya ba da haƙuri. Ya ce Baba ya yafe masa, tsoro ne ya sa. Baba ya ce ba komai, yaro bai san wuta ba sai ya taka. Ranar ya ci abinci har ya nemi ƙari, ya tsokani Inna cewa ta kusa zama matar ɗan fansho, Allah ya kiyaye. Inna ta yi murmushi kaɗan, ta ce a dai bi a hankali.

Washegari da sassafe muka fita. Baba ya murɗa rabi, ya karkata kai, ya gyaɗa. Da ya saki kuloci ya taka totur, mota ta zabura kamar an tsikare ta, kaina ya bugi bayan kujera. Baba ya yi dariya ya ce tsohuwa ta tuna ƙuruciya. Na yi dariya ni ma.

Amma a hanya dariyar ta ƙare mini. Ranar ba ni da ƙwan da zan kalla, don ba mu ɗauko ba tukuna, sai na kalli ƙasa. Ƙafar Baba ba ta san taka kaɗan ba. Ko dai tana sama, ko ta danne totur har ƙasa. Da can in ya danne, motar ba ta da abin da za ta ba shi, sai ta ja jiki a hankali. Yanzu duk abin da ya nema tana ba shi, har da ƙari. Kuma in zai koma birki, sai na ga ya saki sitiyari da hannun dama, ya kama wandonsa a gwiwa, ya ɗaga ƙafar ya ɗora. Yana yi da sauri, kamar mai kore ƙuda. Wataƙila ya daɗe yana haka. Motar da ba ta gudu tana ba mutum lokaci.

Na buɗe baki in yi magana na rufe. Jiya-jiya aka mayar masa da makullinsa. Hanya kuma babu kowa, gari bai gama wayewa ba. Na ce a raina bari mu isa.

A gona muka yi lodi kamar kullum. Baba ya tsaya ya gaya wa Uwar Kaji labarin famfo, har yana kwatanta mata allura da yatsa. Ta ce madalla, ta ji daɗi. Muka shiga. Daga rumfar lodi zuwa ƙofar fita akwai ɗan fili, a gefen ƙofar kuma akwai famfon ruwa inda wata ma'aikaciya take wanke kiret, ta duƙa ta ba mu baya, da goyo.

Baba ya taka. Mota ta zabura da kayanta duka. Na ga hannunsa ya tafi gwiwa, ya kama wando, wandon ya zame daga yatsunsa. Ƙafar tana nan a kan totur. Bayan matar yana ta matsowa, ina ganin ɗan kan jaririn da hular saƙa. Ban san lokacin da na kama birkin hannu da hannu biyu na fizge shi sama ba. Baba ya murɗe sitiyari da hagu. Mota ta juya gefe tana jan ƙasa, ta daki tarin buhunan abincin kaji, ta mutu.

Sai ƙarar ƙwai. Ba ta tsaya nan take ba, kiret suna ta zamewa ɗaya bayan ɗaya, suna faɗowa a bayan kujerunmu. Wani abu mai sanyi ya bi wuyana ya gangara cikin riga.

Matar ta miƙe da kiret a hannu tana kallonmu, ba ta ma san abin da ya wuce ta ba. Tsakaninta da hancin motar bai fi a shimfiɗa tabarma ba. Ma'aikata suka taho da gudu. Wani ya ce birki ne ya tsinke, wani ya ce ai gyaran jiya ne, bakanike ya taɓa wani abu. Uwar Kaji ta iso tana salati, ita ma ta ce lallai bakaniken nan ya cuce mu, a mayar masa da aikinsa. Mafita ce aka buɗe masa, Baba yana iya barin laifin a kan bakanike ya tsira. Ni kaɗai na ga gwiwar, kuma ya san ba zan faɗa ba.

Ya daɗe riƙe da sitiyari. Sannan ya ce, ba da ƙarfi ba, "Ku bar bakanike. Motar lafiyarta lau."

Ya zare makulli. Sai da ya gwada sau biyu. Ya kamo hannuna, wanda duk gwaiduwa ta ɓata, ya sa makullin a ciki ya rufe yatsuna a kai.

"Kwandasta, kira yayanki ya zo ya kai mu gida."

Muka zauna a kan wani benci a inuwar rumfa muna jira. Ma'aikata suna fito da kiret suna ware masu rai daga fasassu, ƙudaje sun fara taruwa. Matar mai goyo ta kawo mana ruwa a kofi, ta ce sannu Baba, Allah ya tsare gaba. Ya karɓa bai iya kallonta ba. Can ya ce mini da ya sani da ya bar tsohuwar da tarinta, su biyu sun san yadda suke lallaɓa juna. Sai kuma ya ce a'a, ba haka ba ne.

Yanzu Yaya ne yake jigilar ƙwan, kafin ya wuce wurin aikinsa. Yana cika tanki, yana canza filta a kan lokaci, motar ba ta sake tari a gada ba. Ni har yanzu ina kujerar gaba, don ni na san shagunan da yadda ake cusa tsumma. Yaya ba ya tsayawa rabi, murɗawa ɗaya yake yi ya tayar.

Baba yana fitowa kowace safiya ya zauna a kan kujerar roba a ƙofar gida, sanda a tsakanin gwiwoyinsa. In Yaya ya sa makulli, ina ganinsa ta madubi yana karkata kai. Wata safiya ya kira ni da hannu kafin in shiga, ya tambaye ni a hankali, yadda Yaya ba zai ji ba, ko tana gaisuwa. Na ce tana yi, da kauri, irin na da. Ya gyaɗa kai, ya ce in ce wa yayana ya riƙa bari ta gama.